Kambin Magarya a Ƙofar Ɗakinmu

Gidan da na zauna a unguwar Al Thumama ta birnin Doha lokacin da nake karatun digiri na biyu asalinsa na mutum ɗaya ne, amma mai shi ya sa aka yayyanka shi da katako ya koma ɗakuna barkatai, ko falon bai tsira ba. Mutanen Zangon Gana ne suka fi yawa a ciki, mazan direbobi da masu gadi, matan wasu na aikin otel, wasu na girki a gidajen Larabawa. Mu biyu ne kaɗai 'yan Najeriya, kuma ɗaki ɗaya muka haɗa. Ni Bazazzagiya ce Musulma, ita 'yar Jos ce Kirista, nas a wani asibiti. Da farko na ɗauka zaman haƙuri za mu yi, kowa da kusurwarsa. Ban yi wata guda ba na tsinci kaina ina cin gwatenta ina kushe shi, ita kuma tana aron mayafina tana cewa kalarsa ta tsofaffi ce.

Ƙawata mutum ce mai waƙa. In tana gugar kayan aikinta waƙa, in tana wanke-wanke waƙa, duk irin na coci da Hausa, da wata murya siririya da ke ratsa katakon nan har maƙwabta su san ta dawo. Da azumi ya zo, ita ce ke tashina sahur, ta tsaya a kaina da ludayi tana cewa, "Hajiya, tashi, ba zan ɗauki alhakin yunwarki ba." Ban taɓa zuwa Makka ba a lokacin, amma Hajiya take ce mini, ni kuma in ce mata Sista.

Ana shiga watan Nuwamba aka yi wa mahaifiyarta aiki a ciki. An yi nasara, amma jikin tsufa ne, yau a ce da sauƙi, gobe a ce zazzaɓi ya dawo. Ta nemi hutu don ta yi Kirsimeti a gida, aka ce mata waɗanda suka riga ta nema sun cike gurbin. Daga nan waƙa ta ɗauke a ɗakinmu ɗif. Ta daina girki, in na zuba mata abinci sai ta jujjuya cokali ta ture. Duk gidan an san halin da take ciki, domin a gidan katako ba a sirri, in ka yi atishawa a ɗakinka daga ɗaki na uku za a yi maka addu'a. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Ina son yarinyar nan, kuma ina kallonta tana ƙarewa a gabana.

Wata rana na ja ta da ƙarfin tsiya muka je wani babban kanti, wai ko ta sha iska. A wani lungu an jera kayan ado na ƙarshen shekara, har da wasu korayen zobba manya masu kama da gammo, an maƙala musu jajayen ƙwallaye. Ta tsaya, ta kai hannu ta taɓa ɗaya, ta yatsine fuska.

"Roba ne," in ji ta. "Ganyen da bai taɓa rai ba, ya za a yi ya nuna rai?"

Na ce ta yi mini bayani, don ni duk tsawon rayuwata na ɗauka kwalliyar Turawa ce kawai. A nan ne na ji ta yi doguwar magana karo na farko cikin makonni. Ta ce kambi ne, kuma mamanta ce ke ɗaura na cocinsu kowace shekara tun tana 'yar yarinya, a wurin wasu tsofaffin ma'aikatan asibitin mishan ta koya. Zagayen nan ba shi da farko ba shi da ƙarshe, yana nuna ƙaunar Allah da rai madawwami. Ganyen dole ya zama na itacen da ba ya kaɗewa in rani ya shigo, don a tuna akwai ran da ba ya mutuwa. Ana so a samu mai ƙaya, saboda kambin ƙayar da suka yi imani an ɗora wa Almasihu a ka, jan abin da ake sakawa kuma jininsa ne. Na coci akan kwantar da shi a kan tebur da kyandir huɗu, ana kunna ɗaya duk mako har ranar ta zo. Na gida kuwa a ƙofa ake rataye shi.

"Mama takan tura mu kan dutse mu yanko ganye," ta ce. "In kin ga kambin nan a ƙofarmu, to Kirsimeti ya shigo gari." Ta saki na robar. "Bana ba zai zo inda nake ba. Yalla, mu tafi."

Ni ba duk abin da ta faɗa na yi imani da shi ba, ta sani, na sani, ba mu taɓa ɓoye wa juna ba. Amma a motar da ta maido mu gida ƙwaƙwalwata sai tafasa take. A tsakar gidanmu akwai itacen da Larabawa ke kira sidir, mu mu ce magarya. Zafin Doha da ke narka takalmi bai taɓa sa ta zubar da ganye ba, sanyi ma haka. Ga ganye shar, ga ƙaya kamar ta yi magana. Sai da na danne bakina da mayafi don kada murna ta tona ni.

Na jira ranar Juma'a, ranar da kusan kowa na gida amma ita tana da aikin safe. Motar ma'aikatan asibiti na ɗaukarta na fito da wuƙa da kujera na hau magarya. Wayyo, ashe ƙayar magarya ba ta san zumunci ba! Ta kama mini hannun riga, ta kama ɗankwali, ta tsaga mini ɗan yatsa har sai da hawaye suka zubo. Wata maƙwabciyarmu ta fito shanya, ta gan ni a kan kujera ina tsinkar magarya ina share ido, ta tsaya ta dube ni. Na juya mata baya, don ba na so kowa ya riga Sista jin labari. Ta koma ciki da kayan shanyarta.

Na kulle kaina a ɗaki, na lanƙwasa ƙarfen rataye kaya guda biyu na yi zobe, na shiga naɗa rassa ina ɗaurewa da zare. Jan abu ne ya so ya gagare ni, sai na tuna da busasshen zoɓon da ke cikin kwalinmu, na jiƙa shi kaɗan ya buɗe, na soka shi nan da can. Da na ɗaga abin na duba, wallahi sai da na yi tsalle ni kaɗai. Bai yi zagaye sosai ba, ya ɗan karkata hagu, amma kore ne na gaske, yana ƙanshin ɗanyen itace. Saura abin ratayewa. Na buɗe akwati na samu wata tsohuwar atamfa mai ja da baƙi, na yage ta na yi ƙaton ƙulli mai jela biyu. Na rataye kambina a ƙofar ɗaki ta waje, daidai inda idonta zai fara sauka, na ja da baya ina kallo kamar wadda ta gama ginin bene.

Kyandir ne kawai babu. Bayan an sauko daga masallaci shaguna sun buɗe, na kama hanyar Al Asmakh, inda tsofaffin shagunan nan suke sayar da komai daga allura har tukunya. Na sayi kyandir huɗu, na ƙara da ashana da 'yar alewa. Duk hanyar dawowa ina ta ƙiyasta fuskarta. Za ta yi ihu? Za ta rungume ni? Ni dai burina ko baiti ɗaya ne ta rera.

Ina tura ƙofar gida na ga takalma. Takalma birjik a bakin barandarmu. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, mata sun zauna sun lulluɓe, wasu da carbi. Maza sun ja kujeru gefe sun sunkuyar da kai. Ga tukunyar shinkafa da wake irin tasu, ga fulas na koko, ga kwanon yajinsu baƙi mai mai. Wata dattijuwa da duk gidan ke kira Magajiya, don ita ce uwar matan Zango a wurin, ta taso ta kama hannuwana biyu.

"Ɗiyana, sai haƙuri," ta ce da irin Hausarsu ta Kumasi wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Tsohuwa ya tafi. Allah shi ba ku haƙuri."

Ledar kyandir ta suɓuce mini. Na ce innalillahi, na zube a kan tabarma na fashe da kuka. Kuka na gaske, har da majina, don na saba da muryar matar nan a waya, kullum sai ta ce a ba ta Hajiya ta gaishe ta. Mata suka kewaye ni suna lallashi. Ina kuka ina tunanin yadda za a gaya wa Sista, ga shi a wurin aikinsu ba a riƙe waya, a loka suke kulle ta sai an tashi. Sai da na yi mai isata sannan na ɗago na tambaya.

"Magajiya, yaushe abin ya faru? Wa ya kira ku?"

Ta dube ni. "Mi kike nufi wa ya kira mu? Ba ke kin sa alama ba?"

"Wace alama?"

Ta nuna ƙofar ɗakinmu da carbi. Kambina na nan yana lilo, jelarsa ja da baƙi na kaɗawa.

Maƙwabciyar nan mai shanya ta karɓe zancen da sauri. Ta ce ita da idonta ta gan ni da safe ina tsinkar magarya ina kuka, kuma kowa ya san da ganyen magarya ake wankan gawa. Ta yi mini magana da ido na juya mata baya. Can kuma sai ga wannan abu a ƙofa. A Gana, in ji ta, ba a ganin irin wannan zoben ganye sai a kan akwatin gawar Kirista ko a kan kabari, kuma ja da baƙi kayan makoki ne, ko yaron goye ya sani. Ga uwa ba lafiya, ga 'yar Kirista ce. Suka haɗa wannan da wancan, suka ce labari ya iso mini, na rasa bakin faɗa ne na rataye alama. Magajiya ta ce ba za a bar yarinya ta dawo ta tarar da gida shiru ba, nan take aka ɗora tukunya.

Na buɗe baki in yi bayani. Kafin in samu kalma ɗaya, na ji ƙarar motar asibiti a waje. Ƙofa ta buɗe.

Sista ce ta shigo. Ta tsaya da fararen kayanta, ta dubi takalma, ta dubi tabarmi, ta dubi jajayen idanuna. Ba ta yi ihu ba. Jakarta ta zame daga kafaɗa, ita ma ta bi ta a hankali ta zauna a ƙasa daɓas, ta ce, "Mama?" da wata ƙaramar murya.

Na yi tsalle na tsallake mata biyu da fulas ɗin koko. "Sista, ba kowa ya mutu! Wallahi tallahi ba kowa! Ni ce, kambi na yi miki!" Ina girgiza ta ina nuna ƙofa, amma idonta ba ya ganin komai. Kuma a tsakiyar rantsuwar nan wani tsoro ya soke ni, don ni ma ai ban ji daga Jos ba tun jiya. Na zaro wayarta daga jaka, na kama yatsanta na danna na buɗe ta da kaina. Na kira lambar mama ta bidiyo. Wayar na ta ƙara, jirgi ya wuce ta samanmu da rugugi, wayar ba ta daina ƙara ba.

Sai ga fuska ta cika allo, kusa ƙwarai, hanci da tabarau. Mama ce zaune a kan gado tana shan lemo.

"Ke, lafiya kike kira na yanzu? Ba ki san lokacin shan maganina ba ne? Me ya samu fuskarki?"

Abin da ya biyo baya ban san sunansa ba. Sista ta kifa kai a cinyata tana wani irin sauti, mata suka ɗau salati, wani direba ya tashi yana tafa hannu yana cewa "Khalas, shi ke nan, tsohuwa shina nan!" Magajiya ta zauna a kan bokiti tana fifita da gefen mayafi. Ni ce na ɗauki wayar na yi wa mama bayani tun daga kanti har zuwa atamfa. Ta saurara, ta ajiye lemon, sannan ta fara dariya tana riƙe ciki tana cewa mu yi mata rai, ɗinki zai buɗe.

"Hajiya, kai ni in ga abin da ya kashe ni," ta ce.

Na kai wayar bakin ƙofa. Ta gyara tabarau ta duba shi sama da ƙasa kamar mai sayen akuya. Ta ce ɗaurin ya yi sako-sako, a gefen hagu an yi rowar ganye, kuma wannan tsumman a cire shi yanzu-yanzu. Amma zoɓon ya burge ta, ta ce shekara da shekaru tana wannan aiki dabarar ba ta taɓa zo mata ba. Sai kuma ta gane magarya ce. Ta ce ta taɓa jin masu wa'azi na cewa da dangin itacen nan aka yi kambin ƙayar tun asali, ita dai ba ta da tabbas, amma ban yi zaɓen banza ba. Ni da na zaɓe ta don ita kaɗai ce itace a gidan, na gyaɗa kai kamar da sanina.

Magajiya ta matso ta leƙa allo, ta gaishe ta da jiki, sannan ta ce, "Maa, ku yafe mu. Wurinmu wannan abu na kabari ne."

"Ba laifinku ba ne, 'yar'uwa," in ji mama. "Mu ma muna kai fure kabari. Amma wannan na ƙofa ba na mutuwa ba ne. Haihuwa ake jira."

"Haihuwan wa?"

"Yesu Almasihu."

"Annabi Isa, alaihissalam," Magajiya ta faɗa, mu duka muka amsa. Ta dubi tukunyar da ke tururi, ta dubi matan da ta tara. Sai ta miƙe ta gyara ɗaurin zani. "To, in haihuwa ne ai barka ya kamata. Wa ya ce ku zauna kamar marayu? Ku buɗe tukunya!"

Maƙwabciyata mai shanya, wadda ta haddasa rabin rigimar, ita ta fara rangaɗa guɗa. Matan da suka shigo da "ya haƙuri" suka bi layi suna kama hannun Sista suna cewa "barka, barka". Wata ta ruga ɗakinta ta kawo jan ƙyalle mai sheƙi, ragowar ɗinkin sallah, aka kunce atamfata aka ɗaura shi. Wani mai gadi dogo ya hau kujera ya ƙaro rassa don a cike gefen hagu, magarya ta ba shi nasa rabon, ya sauko yana tsotsar yatsa ana yi masa dariya. Na tsinto kyandirorina, ɗaya ya karye, muka kafa su a faranti. Mama na ba da umarni daga Jos, ɗaya kawai za a kunna, sauran sai makonninsu sun zo. Iska ta kashe shi, muka sake kunnawa, muka kare shi da murfin tukunya. Ni kam bakina ya ƙi rufuwa, ina ta kai da komo ina raba alewa kamar uwar biki.

Sista dai ta koma gefe. Tana zaune a bakin baranda da waya a hannu, tana kallon kambi tana kallon uwarta. Sai mama ta ce ta juya wayar ta nuna mata mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ta juya. Magajiya ta ɗaga hannu, direbobi suka cire hula suka rusuna, mata suka yi ta "sannu Maa, Allah shi ƙara sauƙi". Da aka zagayo kaina na ɓoye yatsana mai ciwo a baya.

"Duk waɗannan saboda ke suka zauna?" mama ta tambaya.

"E, Mama."

"Ba ɗan cocinmu ko ɗaya?"

"Babu, Mama. Duk Musulmi ne."

Tsohuwar ta cire tabarau ta goge ido da bakin zani. Da ta sake magana muryarta ta sauka, har sai da muka matso don mu ji.

"Tun da aka kwantar da ni, ba ciwon ne ke hana ni barci ba. Tunani nake, in Ubangiji ya kira ni, wa zai zauna da yarinyar nan a ƙasar mutane? Wa zai riƙe ta in labari ya iso? To yau na ga zaman makokina da idona, kuma ya yi mini. Ko yanzu aka ce in taho, hankalina a kwance yake."

"Mama, ki daina," in ji Sista, sai a lokacin kukan ya zo mata sosai.

"Na daina. Ba inda za ni, sai na ga yadda kuka gyara gefen hagun nan. Share fuskarki. Kina da baƙi a gida kin bar su suna zuba wa kansu abinci, haka na koya miki?"

Sista ta miƙa mini wayar. Ta goge fuska da hannun farar rigarta, ta tashi, ta je ta karɓi ludayi daga hannun Magajiya.